Sai A Bakin Gaɓa Muke Ƙirga 'Ya'yanmu

Makaranta ku yi mini afuwa, wannan makon babu ci gaban labari. Na san wasunku sun ƙagu su ji ko amarya za ta koma ɗakinta, to ta ɗan ƙara zama a gidan ubanta tukuna, babu inda za ta. Akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro tun Sallar da ta wuce, in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi tafiya ba. Wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri, ni ta fara ƙonawa kafin ta iso gare shi.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A wani littafina na baya na ɗauki Alhaji da matarsa da 'ya'yansu uku na kai su hutun ƙarshen shekara a cikin jirgin ruwan shaƙatawa, irin mai hawa goma sha wani abu, da wurin wanka da gidan kallo duk a ciki. Shafi bakwai na cika da kwatancen gado da abinci da faɗuwar rana a kan teku, alhali ni ko tekun ban taɓa gani ba. Iyakata Kano, sai Damagaram da na je biki sau ɗaya. Wata baiwar Allah da ke aure a Ingila ta karanta, ta aiko mini da saƙo ta ce, "Anti, kin iya shirya ƙarya mai daɗi, amma kin tsallake abu na farko da ake yi wa yaro a jirgin."

Na ce mene ne? Ta ce kafin a kai ga gado da abinci, sai kowane fasinja ya san wurin da zai tsaya idan an busa ƙahon haɗari. Ƙananan yara ana ɗaura musu wani abin hannu mai ɗauke da lambar wurin taruwarsu, yadda ko yaro ya rabu da uwarsa ma'aikaci zai duba hannunsa ya kai shi inda take. Akwai rigar kariya daidai jikin yaro, ba ta babba ake zumbula masa ba. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa yawancin kamfanonin ba sa ma karɓarsa.

Kada ku ce tausayi ne ya yi wa Turawa yawa. Jiki magayi ne. Sai da jirgin Titanic ya nutse a 1912 da mutum sama da 1,500 sannan ƙasashe suka zauna a 1914 suka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku. Da Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, sai aka ƙara ɗaure dokar, aka ce wannan bayani a yi shi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, ba sai an kwana a kan ruwa ba. Su idan ruwa ya ci musu mutane sai su sauya doka. Mu idan ya ci mana sai mu shimfiɗa tabarmi.

Domin mu ma muna da namu jirgin hutun, jama'a. Sunansa kwale-kwale.

Ƙasar Daura ba ƙasar kogi ba ce. Tarihinmu ma kansa a kan rijiya ya ginu, kowa ya san Kusugu. Yaronmu a guga ya san ruwa, sai randa, sai kududdufin damina da bai wuce gwiwa ba. Da aka gina madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam an kawo mana alheri, an samu noman rani da kifi, amma ba a kawo mana iya iyo ba. Yaron Yawuri ko na bakin tafkin Chadi yana tashi ya ga ubansa a cikin ruwa. Namu yana tashi ne ya ga ubansa a kan amalanke. Shi ne ranar Sallah muke sakinsa ya je ya hau abin da bai san kansa ba.

A farkon watan Mayun 2022, cikin kwanakin ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, nan cikin masarautarmu. Aƙalla mutum 15 aka rasa, mafi yawansu yara. Da kayan Sallarsu a jikinsu. Ku da kuke iyaye mata ku tsaya a nan ku yi tunani: lallen da kika zauna kika ƙunsa wa yarinya da hannunki daren jajibere, ko dusashewa bai fara ba, ga shi ana wanke hannun za a sa a likkafani. Wata biyar kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya nutse da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau da za su je Maulidi, aka tsamo gawa 29. Ranar 1 ga Oktoban 2024, da dare, a yankin Mokwa ta jihar Neja, wani ya kife da ɗaruruwan mutane, galibi mata da yara, su ma daga Maulidi suke. Sallah, Maulidi, biki. Ranakun da muka fi farin ciki su ne ranakun da muke zuba 'ya'yanmu a ruwa, kuma har yau ban ji wanda ya tsaya ya ce me ya sa ba.

Ni na ga me ya sa da idona. Washegarin Sallar da ta wuce na je gaida yayata a ƙauyen da take aure, kusa da wani dam. Da la'asar na nemi Autata na rasa, na tambayi Yaya, ta ce, "Sun tafi yawon Sallah da sauran yara, ƙila sun gangara bakin ruwa." Haka ta faɗa tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Na figi mayafi. Da na isa na tarar da jirgi ɗaya na katako, an kusa cika shi, babban cikinsu wata yarinya ce da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, da goyo a bayanta, tana jan ƙanne huɗu. Na ƙirga kawuna na kai ashirin da uku na rikice, don ba sa zama wuri ɗaya. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannuna ba. Wani ɗan yaro na tsugune a tsakiya yana kwalfe ruwa da gwangwani, ba a ma tashi ba ke nan. Ga Autata can a gefe, da sabon hijabinta har ƙasa, tana dariya.

Na ce, "Malam, mutum nawa jirginka yake ɗauka?"

Ya ce, "Hajiya, ai yara ne, ba su da nauyi."

Na ce, "In ya kife wa za ka fara ɗauka?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ki faɗi alheri mana. Shekarata nawa ina fito a nan. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake sai ya tafi."

Na cire tawa da 'ya'yan Yaya biyu, suna kuka kamar na yi musu sata. Sauran na roƙe su su sauka, suka dube ni kamar mahaukaciya, sun riga sun biya kuɗinsu. Jirgin ya tafi ya dawo lafiya. Mai jirgin da ya dawo har da ɗaga mini hannu. Wannan dawowa lafiyar ita ce babbar musibarmu, don ita ke ƙara masa ƙarfin gwiwar ƙara yaro biyar gobe.

Wai yara ba su da nauyi. Babba ya shiga jirgi ya zauna ya ƙame. Yaro kuwa in ɗaya ya ce ga kifi, duk sai su miƙe su yi gefe guda, jirgin da dama ruwa ke lasar bakinsa me zai jira? Ga kututturen itatuwa da ruwan dam ya binne ba a ganinsu. Ga iskar yamma ta farkon damina da ke tasowa ba sallama. In ya kife, shadda da leshi da hijabi sai su sha ruwa su nannaɗe ƙafa, wanda ke nutsewa ya cafki na kusa da shi, mai goyo ta tafi da goyonta, rai biyu a zani ɗaya. Kuma kada fim ya ruɗe ku, yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, bakinsa numfashi yake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Yanzu bari in zo kan kalmar da aka fi jifana da ita, ƙaddara. Na yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi, kada wani ya fitar da ni daga musulunci a kan kwale-kwale. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa mai raƙumi an umarce shi ya ɗaure abinsa ne sannan ya yi tawakkali. Mutumin da ke ce mini kwana in ya ƙare ya ƙare, shi ne da dare yake sa wa shagonsa kwaɗo biyu. Wanda ya sayi rago a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ba ya sakinsa a titi ya ce Allah ya tsare, igiya yake sa masa, ya riƙe har gida. Akuya in magariba ta yi ba ta shigo ba, gidan kowa sai ya tashi nema. Amma a fita da yara takwas daga gida ɗaya tun hantsi, babu babba ko ɗaya a tare da su, babu wanda ya san inda suka nufa, wai yawon Sallah. Sai an jera su a bakin gaɓa an lulluɓe sannan za mu san su nawa ne suka fita. Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne muka ɗinka wa rigar addini.

Da na koma gida na faɗa wa Yaya haka, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Ke da kike birni kina rubuce-rubucenki ba ki san komai ba. Su wa za su raka su? Ni da ke kan murhu tun asuba, ko ubansu da ya tafi gaida hakimi? Kuma shekara guda suna jiran ranar nan, sai in kulle su a ɗaki?" Wallahi tana da gaskiyarta, ban raina ta ba. Yaron ƙauye ba shi da gidan zu ba shi da lilo, ruwan nan shi ne abin kallonsa. Wasu ma ba shaƙatawa ce ta kai su ba, gidan kakarsu na tsallake, in za a zagaya ta ƙasa kuɗin babur ya fi ƙarfinsu. Mai fiton ma ba mugu ba ne, talaka ne da ke jiran kwana uku na Sallah ya samu abin da ba ya samu a wata. Duk na yarda. Amma talauci bai hana ƙirga ba. Ƙirga ba a sayenta.

Ita kuwa hukuma, doka tana da ita a takarda. Akwai hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, hedikwatarta a Lakwaja, kuma ƙa'idarta ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta sa rigar kariya. A 2025 gwamnatin tarayya ta fara rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Madalla. Sai dai takardar da ke Lakwaja ba ta tsayawa a bakin dam da la'asar ɗin Sallah. Abin dariya abin kuka, a garin nan namu aka kafa jami'ar sufuri ta tarayya, wadda marigayi Shugaba Buhari ya aza harsashinta a 2019, amma 'yan kilomitoci daga ƙofarta sufurin 'ya'yanmu gwangwani ne ke riƙe da shi.

Don haka ni ba Abuja nake kallo ba. Ina kallon gida. Masarautar da ke iya tsara hawan Sallah da na Gani, dawaki ɗaruruwa, kowane hakimi ya san bayan wanda zai bi, ba za ta kasa tsara mashigin ruwa ba. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninsa, ya umarci hakimai da dagatai cewa a ranakun Sallah da Maulidi a tsayar da mutum mai faɗa a ji a kowane mashigi, tare da sarkin ruwan wurin. A rubuta adadin da jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa, yaro a ƙirga shi mutum guda cur, goyo ma mutum ne. Yaron da ba babba a tare da shi kada ya shiga. Rana ta yi ja a ɗaure jirgi. Masu hannu da shuni da ke raba shinkafa da atamfa da azumi ana ɗaukarsu hoto, rigar kariya goma a mashigi ɗaya ba za ta karya su ba. Limamai kuma, a huɗubar Idi ana jan kunnen samari kan gudu da babur, a ƙara da wannan.

Mu marubuta ma ba mu fita ba. Mun kai jarumanmu Dubai da Landan sau dubu, mun hau da su jiragen da ba mu taɓa gani ba, amma ban tuna littafin da na karanta aka sa yarinya mai goyo a cikin kwale-kwale ba, har da nawa. Mu ne matan aure ke karantawa a ɗaka, da mun rubuta da wata uwar ta ɗaga kai daga tankaɗe.

Autata kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Umma, ai kowa ya dawo, ni kaɗai ce ban hau ba." Na ce na sani. Ta ce to Sallah mai zuwa fa? Na ce in Allah ya kai mu tare za mu je, ni da ke, in na ƙirga na ga ya yi mini za mu hau, in bai yi ba mu dawo. Ta ce, "Ke da kike tsoron ruwa?"

Labarin amarya sai mako mai zuwa in sha Allahu. Wassalam.