Bindigar Littafinmu Ba Ta Kuskure



Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, labarin 'yan bindiga ya cika rubutunmu. Sai dai ƙarya ɗaya muke ta shararawa: jarumi ya sayar da masararsa, ya sayi bindiga mai araha wajen maƙeri, ya ɗan gyara saitinta, washegari ya kakkaɓe dabar ɓarayi shi kaɗai.

Haba jama'a! Sunan bindigar ma ya isa wa'azi: harba-ka-ruga. Sau ɗaya take tashi, sai an sake ɗura albarushi. Cikin bututunta sumul yake, babu zanen da ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe, don haka daga nesa sai dai sa'a. Ko mai sakata, irin wadda kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama, harsashi 10 take ci, kowane harbi sai an ja sakatar. Na cikin daji kuwa AK-47 gare shi, mai harsashi 30.

A 2021 Gwamna Masari ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Saurayi a Faskari ko Sabuwa ya ji wannan, sannan ya karanta littafinmu. In ya gaskata jaruminmu ya fita, wa zai je ya yi wa mahaifiyarsa bayani?

Ba mu ce a daina rubuta jarumtaka ba. Mu fara zama da mafarauta da 'yan sa-kai, mu ji daga bakinsu, sannan mu ɗauki biro.

Allah ya zaunar mana da Katsina lafiya.