Araha Ba Ta Ado: Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Ƙurar Ƙasarmu

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Tudun Jukun ya san yadda ƙura take shiga ɗaki ba sallama. A share da safe, kafin la'asar ta sake kwantawa a kan tabarma da littattafai. Wannan ƙura da muka raina tana daga cikin abubuwan da suka jawo mini asarar da ta sa na ɗauki alƙalami, da fatan 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu za su dubi maganar da idon basira.

A bara ina tattara bayanai a kan sana'ar ƙira don kundin digirina. Na yi mako uku ina zirga-zirga a kan babur tsakanin ɗakina da wani ƙauye, wurin wani tsohon maƙeri. Ya ba ni sunayen kayan aiki da kirarin maƙera da tarihin gidansu, ni kuwa ina ɗaukar muryarsa da waya, ina juyewa a kwamfutata nan bakin maƙera, ina gogewa daga wayar don in sami wuri. Ran nan sai kwamfutar ta ɗauke. Da mai gyara ya buɗe ta, sai ya tarar ƙura ta toshe mashigar iska, zafi ya yi ɓarna, girgizar hanya kuma ta lalata faifan ajiya. Kafin in sami kuɗin komawa, tsohon ya riga mu gidan gaskiya.

Laifi na farko nawa ne, tun da ban ajiye bayanan a wuri biyu ba. Amma akwai laifi na biyu wanda ya shafe mu duka, watau sayen na'urar da aka ƙera don zaman ofis, sa'an nan a kai ta daji. Kwamfutar yau da kullum tana da 'yar fanka wadda take zuƙo iska don sanyaya cikinta, ashe kuwa a nan tare da ƙura take zuƙowa. Masu ƙera ta da yawa sukan ƙayyade cewa kada a yi aiki da ita a zafin da ya wuce digiri 35, alhali a Zariya zafin rana yakan haura haka a watannin Maris da Afrilu. Idan damina ta sauka kuma ga feshin ruwa da laima.

To, akwai kwamfutocin da aka ƙera musamman don wahala, irin waɗanda sojoji da masu haƙar mai suke aiki da su. Kamfanin Panasonic na Japan ya fara fitar da nasa, mai suna Toughbook, tun 1996, ga kuma na Getac da na Dell. Jikinsu na wani ƙarfe ne mai ƙwari marar nauyi, kafofinsu a toshe suke da roba, ma'ajiyarsu ba ta da faifai mai juyawa balle girgiza ta ɓata shi, kuma ana iya karanta rubutun fuskarsu a tsakiyar rana. Mai saye yakan duba alamar IP65. Lamba ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, ta biyu kuwa tana nufin feshin ruwa ba ya cutar da na'urar.

Ƙasarmu ta riga ta ga misalai biyu da suka isa darasi. A watan Janairu na 1911 ba a san kwamfuta ba, amma shekara ɗari bayan haka, a Janairun 2011, hukumar zaɓe ta ƙasa, a zamanin Farfesa Attahiru Jega, ta baza na'urori 132,000 don rajistar masu zaɓe. Kowace ta ƙunshi kwamfutar tafi-da-gidanka da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa. A kwanakin farko an sha fama, har sai da aka ƙara wa'adin rajistar. Gaskiya ne, wani ɓangare na matsalar daga tsarin cikin na'urar ya taso, amma aikin ya nuna mana abin da ake nufi da ajiye kwamfuta a gindin bishiya, cikin hunturu, ba lantarki.

Misali na biyu shi ne na makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, inda a 2007 aka raba wa yara 'yar kwamfutar nan mai launin kore da fari da ake kira XO, wadda Nicholas Negroponte da abokan aikinsa a Amurka suka fito da ita. Ita kam don ƙura da rana aka yi ta, ba ta da fanka, madannanta kuma a lulluɓe suke da roba. Duk da haka shirin bai yaɗu a ƙasar nan ba, kuma rashin tsayayyen lantarki yana cikin abubuwan da suka dame shi. Ashe ƙarkon na'ura kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da wutar caji da kayan gyara da masu gyaran.

Na san wani zai ce ai waɗannan kwamfutoci sun ninka na yau da kullum tsada, ina ɗalibi zai sami kuɗinsu? Wannan magana haka take, kuma ban ce kowa ya saya ba. Ra'ayina shi ne kowane sashe na Jami'ar Ahmadu Bello da yake tura mutane karkara, ko na harsuna ne ko na aikin gona a Samaru, ya mallaki guda biyu ko uku tare da farantin caji na hasken rana, a riƙa ba mai fita bincike aro. Hukumomi kuma, in za su yi odar na'urorin aikin waje, su gindaya sharaɗin jure ƙura da zafi tun a takardar kwangila, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗalibai kuwa, kafin wannan ya samu, kada mu kwana da hira guda a wuri guda. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata, amma dattijon da ya ba mu abin da ke kansa ba ya dawowa ya maimaita. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.