"Ai a kwamfutata yana aiki" ba hujja ba ce

1/ Jama'a, yau ina da magana da mu masu karatun kwamfuta. Kowa na son a ce shi ya gina manhaja mai kyan fuska, amma gyaran ƙananan umarnai irin su sed da date da grep mun raina shi. A ganina wannan aikin da muke rainawa shi ne ke nuna wanda ya iya. Ku biyo ni.

2/ Bari in fara da misali. A Linux ka rubuta sed -i 's/a/b/' sunan fayil, zai canza a zuwa b a cikin fayil ɗin, ba hayaniya. Kai wannan layin kan macOS, sai ya watsa maka ƙasa a ido. Suna ɗaya, hali daban.

3/ Dalili? Na Linux sed ɗin GNU ne, na macOS kuwa daga gidan BSD ya fito. Na BSD yana jiran abin da ke bin -i ya zama ƙarshen sunan fayil ɗin ajiya, don haka sai ya haɗiye umarninka a matsayin haka. Rubuta -i.bak a manne, duka biyun za su karɓa.

4/ Haka date. A GNU, date -d yana karanta ranar da ka ba shi. A macOS da -v ake ƙara ko rage kwanaki. Shi ma grep -P, na GNU ya san shi, na macOS bai san da zamansa ba. Wanda bai taɓa fita daga Ubuntu ba zai ɗauka haka duniya take ko'ina.

5/ Ba sabon abu ba ne fa. A 2006 Ubuntu 6.10 ta mayar da /bin/sh daga bash zuwa dash, saboda ya fi sauri. Nan take rubutun mutane da yawa ya daina aiki. Sun sa /bin/sh a layin farko, amma a ciki yaren bash suke yi. Laifin ba na dash ba ne, ramin ƙarya ne ya ƙure.

6/ Apple kuma ta tsaya a bash 3.2, ba ta bi sababbin da ke ƙarƙashin lasisin GPLv3 ba, har a 2019 ta koma zsh. Alpine da ake yawan amfani da ita a Docker ko bash ɗin ba ta zuwa da shi, BusyBox ne a ciki. To aikinka a wanne zai sauka? Ba kai ke zaɓa ba.

7/ Wani zai ce, Malam, ai yanzu Docker ya kashe wannan magana, a naɗe komai a tura. Gaskiya ya rage wahala, ban musa ba. Amma rubutun da ke girka manhajar, da wanda abokin aikinka zai kunna a kwamfutarsa, ba duka ke cikin akwatin ba.

8/ Ga na kwanan nan. Ubuntu 25.10 ta sauya umarnan GNU na asali da waɗanda aka sake rubutawa da Rust. Sai aka samu date -r yana ba da lokacin yanzu maimakon lokacin da aka taɓa fayil. Wannan ɗan kuskuren ya hana wasu na'urori duba sabuntawa da kansu. An gyara, amma ka ga inda ƙaramin abu ya kai.

9/ Mafitar tana nan tun 1988: POSIX, ma'aunin da ya fayyace abin da kowane tsari mai jinin Unix ya kamata ya yi. In ka tsaya a cikin iyakarsa, rubutunka zai yi tafiya mai nisa. In kuma bash kake buƙata, ba laifi, amma ka faɗa a layin farko.

10/ Abin yi: wuce da rubutunka ta ShellCheck kafin ka tura. Gwada shi da dash. Kunna shi a Alpine. Mai Termux a waya, kai ma kana da wurin gwaji na biyu a aljihu. Sa sunayen fayil cikin alamar zance, don wata rana wani zai zo da sarari a tsakiya.

11/ Ga ɗalibi kuma, wannan ce ƙofa mafi kusa ta shiga ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja. Ba sai kana da kwamfuta mai tsada ba. Ka gano inda umarni ya saɓa, ka rubuta matakan da wani zai bi ya ga matsalar da idonsa, ka haɗa da gwaji. Masu kula da aikin sun fi son wannan a kan dogon surutu.

12/ Don haka in abokin aikinka ya ce rubutunka ya ƙi tashi a wajensa, kar ka ce matsalarsa ce. Tambaye shi wane tsari yake kai, wane sed ne, me saƙon kuskuren ya ce. Wane umarni ne ya taɓa ba ku ciwon kai irin haka? Ku ajiye a ƙasa mu ƙaru da juna.