Sifirin gaban lamba ba ado ba ne

Batunmu na wannan mako shi ne sifirin da ake sanyawa a gaban lamba cikin takardun aiki. Dokar tsarin karkara, wadda kwamitocin filaye ke dogara da ita wajen sasanta manoma da makiyaya a Dakoro, lambarta 93-015, ta 2 ga Maris 1993. Dokar da ta kafa kwaminoni a 2002, lambarta 2002-014. Ba don ƙawa aka sa wannan sifiri ba. Da zane ɗaya na alƙalami, rasit mai lamba 7 yana iya komawa 17. Amma 007 ba ta bar wa macuci gurbi ba. Kuma idan kwamfuta tana jera sunayen takardu bisa haruffa, takan sa 10 gaban 2, sai fa in an rubuta 02.

Matsalar tana tasowa ne a Word. Wani sakatare yakan buga sifiri da hannu cikin akwatin tsarin lamba. Daga 01 zuwa 09 lafiya lau; ana kai goma sai a ga 010. Wani kuma yakan buga lambobin duka da hannu, ranar da aka cire suna ɗaya daga jerin masu karɓar hatsi ko taki, sai lissafi ya rikice, mutum biyu su tashi da lamba guda. Daga nan rigima take farawa.

Maganin yana cikin Word tun fitowar 2010. A zaɓi layukan, a shiga «Accueil», a taɓa 'yar kibiyar da ke gefen «Numérotation», sannan «Définir un nouveau format de numérotation». A goge sifirin da aka buga da hannu. Cikin «Style de numérotation» a gangara ƙasa, za a tarar da 01, 001, 0001 da 00001. Jerin da zai wuce 99 sai a ba shi 001 tun farko.

Mai tsohon Word kuma, ya danna Ctrl da F9 tare, ya rubuta SEQ jeri \# "000" tsakanin bakunan da suka fito, ya danna F9. Ya kwafa wannan a kowane layi. In an yi gyara, a zaɓi duka a sake danna F9.

Sai dai a kula: lambar da na'ura ke bayarwa tana gusawa duk lokacin da aka ƙara layi ko aka rage. Saboda haka, da zarar an kammala jeri za a kai sa hannu, a mai da shi PDF, domin lambar da ɗan kasuwa ya riƙe a hannunsa ta dace da wadda ke ajiye a biro.

Sai mako mai zuwa.