Wa Ke Yi wa Majinyaci Ciniki?

A shekarar 1923, Frederick Banting da Charles Best da James Collip suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗaya kowannensu, domin kada kuɗi ya shiga tsakanin mai ciwon suga da maganinsa. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 2019, kwalba ɗaya ta Humalog, nau'in insulin da kamfanin Eli Lilly ke yi, ta kai kimanin dala 275 a Amurka, alhali a ƙarshen shekarun 1990 dala 21 ake sayar da ita. Abin da ke cikin kwalbar bai sauya ba. A wannan shekarar Amurkawa suka riƙa cika motoci suna tsallakawa Kanada, inda ake samun kwalbar a kan kusan kashi ɗaya bisa goma na wancan farashi.

Wannan tazara ta samo asali ne daga tambaya guda: wa ya zauna ya yi cinikin? Mai sayen shinkafa yana iya tayawa, in aka ce masa albarka ya wuce rumfar gaba. Wanda aka kawo asibiti ranga-ranga ba shi da wannan dama, domin bai san kuɗin aikin ba sai an gama, kuma ba zai iya cewa ya fasa ba. Saboda haka kusan kowace ƙasa mai arziki ta naɗa wa majinyaci wakili mai ƙarfi da zai yi ciniki a madadinsa tun kafin ya kwanta.

A Birtaniya wakilin shi ne NHS, da aka kafa a 1948 ana biyanta daga haraji. Ita ce kusan kaɗai mai saye a ƙasar, don haka kamfanin da ya ƙi sassauta farashi ya rasa kasuwar baki ɗaya. A Ingila majinyaci na biyan ƙasa da fam 10 kan kowane magani da likita ya rubuta, mai ciwon suga da ke shan magani kuwa ba ya biyan ko sisi. Sai dai tsarin na karɓar kuɗinsa ta wata fuskar: a 2023 jerin jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7.

Jafan ce ta fi jan hankalina. Yawancin asibitocinta na masu zaman kansu ne, asusun inshora kuma da yawa. Amma gwamnati na fitar da jadawalin farashi guda ɗaya, tun daga ganin likita har zuwa tiyatar zuciya, ana sake duba shi duk shekara biyu, kuma ba wanda ke ƙetare shi. Ma'aikaci na biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗin jinyarsa, da iyakar da ba zai wuce ba a wata. Asibitoci na gasa a kan inganci da saurin aiki, tunda an ɗaure musu hannu a kan farashi.

Amurka kuwa ta raba masu sayenta gida-gida. Kowane kamfanin inshora na cinikinsa da kowane asibiti, har dokar 2003 ta haramta wa Medicare, shirin gwamnati na tsofaffi, yin cinikin farashin magunguna da kansa. Sai a 2022 aka fara sassauta wannan haramci, aka kuma ƙayyade kuɗin insulin a dala 35 a wata ga masu Medicare. Ƙasar na kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan lafiya, Birtaniya da Jafan kuwa kimanin 11, kuma duk da haka mutanensu sun fi Amurkawa tsawon rai.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, a ranar da ya fi kowa rauni. Ana sayar da gona, ana yawo da takardar asibiti a masallatai da zaurukan WhatsApp. Da muka tashi kafa inshorar lafiya, wadda ta fara aiki a 2005, sai muka ɗauko salon kamfanonin HMO masu shiga tsakani, wato ɓangaren tsarin Amurka da su kansu Amurkawa suka fi kuka da shi. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma wajabci a takarda bai haɗa kuɗin jama'a a asusu mai nauyin da zai sa kamfanin magani ya rusuna ba.

Akwai suka mai ƙarfi, kuma likitoci ne suka fi yin ta: ƙayyade farashi a ƙasar da ke shigo da yawancin magungunanta, darajar kuɗinta kuma na zamewa, yana korar kaya daga kanta. Duk mai katin inshora da aka taɓa ce wa "babu, sai dai ka saya a waje" ya san haka. Wannan gaskiya ne, amma laifin na jadawalin da aka bari ya tsufa ne da kuɗin da ba a biyan asibiti a kan lokaci. Jafan na sabunta nata ne domin gudun irin wannan.

Talauci ma ba uzuri ba ne cikakke. Tailan ba ta cikin ƙasashe masu arziki lokacin da ta shimfiɗa shirinta na baht 30 a duk ƙasar a 2002, da hukuma ɗaya mai saye a madadin yawancin jama'arta. Mu da muka karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, har yau kasafin tarayya bai kai rabin wannan ba a yawancin shekaru.