A Tambayi Rumbun Ya Faɗa Da Bakinsa

A ranar 25 ga watan Janairu, 2003, wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna Slammer ta auka wa kwamfutocin duniya, cikin minti goma ta kama wajen 75,000. A Amurka injinan cirar kuɗi na Bank of America suka tsaya, a Koriya ta Kudu intanet ta ɗauke na sa'o'i. Ƙofar da ta bi kuwa wata ɓaraka ce a jikin SQL Server 2000, watau rumbun adana bayanai na kamfanin Microsoft, alhali kamfanin ya fitar da abin toshe ɓarakar tun watan Yuli, 2002. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su ma san suna da rumbun ba, domin ƙaramin samfurinsa mai suna MSDE a ɓoye yakan zo cikin waɗansu manhajoji.

Dillalin shanu ba ya dogara da faɗar mai sa game da shekarunsa, sai ya buɗe bakin dabbar ya duba haƙora. To, haka ya kamata ma'aikacin da aka danƙa wa rumbun banki ko na asibiti ya yi. Takardar sayayya takan yi ƙarya, wanda ya girka na'urar ma wataƙila ya daɗe da barin aiki.

Hanyar kuwa gajera ce. Tun daga bugun 2005 akwai wata 'yar manhaja mai suna sqlcmd, wadda ake kira daga baƙin allon nan na rubuta umurni. Sai mutum ya rubuta:

sqlcmd -S SUNANNAURA -E -Q "SELECT @@VERSION"

Harafin S yana nuna na'urar da za a tambaya, E na nufin a shiga da izinin da mutum ya hau Windows da shi, Q kuma a yi tambayar a fito. Amsa za ta zo da suna da lamba da aji duk a cakuɗe. Wannan ya ishi mai na'ura ɗaya. Amma mai kula da na'ura hamsin gara ya nemi SERVERPROPERTY('ProductVersion') da SERVERPROPERTY('Edition'), domin kowace amsa takan fito a gurbinta. Ya zuba sunayen na'urorin a fayil guda, ya sa umurnin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ya manta na'ura guda tana iya ɗaukar rumbu biyu ko uku, kowanne da sunansa, kowanne sai an tambaye shi dabam.

A wajen karanta lambar ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Wanda ya ga 12 a farko sai ya ɗauka bugun 2012 ne, alhali na 2014 ne. Na 2012 lambarsa 11. Haka nan 14 ba ta nufin 2014, ta 2017 ce. Lamba 13 ta 2016 ce, 15 ta 2019, 16 ta 2022. Wannan kuskure ba ƙarami ba ne, gama Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum daga bugun 2012 a watan Yuli, 2022, daga na 2014 kuma a Yuli, 2024. Lambobin da ke biye su ne ke nuna gyaran da aka ɗora. Wanda ya ga 15.0.2000.5 ya sani rumbunsa yana nan yadda ya fito daga kamfani a 2019, ko gyara ɗaya bai samu ba.

Shi kuwa aji, magana ce ta kuɗi da ta shari'a. Express kyauta ne, amma daga bugun 2008 R2 zuwa na 2022 ba ya barin rumbu guda ya wuce gigabait 10. Ranar da ya cika, sai ya ƙi karɓar sabon bayani ko da layin masu jira ya kai bakin titi. Developer ma kyauta ne tun 2016, yana da duk abin da Enterprise yake da shi, sai dai lasisinsa na gwaji da ƙirƙirar manhaja ne kurum. Ɗan kwangila marar amana yakan girka shi ya karɓi kuɗin Enterprise, ma'aikata ba za su ga bambanci ba wajen aiki, sai ranar da masu binciken lasisi suka zo suka rubuta wannan umurni mai layi ɗaya.