Ingilishi A Takarda, Faransanci A Shinge

Kwanakin nan muhawara ta yi zafi a kasuwanninmu, daga Garwa zuwa Poli da Beka. Wasu na cewa baƙi daga Nijeriya nauyi ne a kan Kamaru, saboda haka a ƙara musu kuɗin takardar zama. Wasu kuma na cewa a mayar da Ingilishi harshen hukuma ko 'yan kasuwa sa huta.

Jama'a, Ingilishi ai tuni harshen hukuma ne a Kamaru. Tsarin mulkin 1996 ya daidaita shi da Faransanci, aka kafa hukumar kula da harsuna biyu a 2017, sannan dokar Disamba 2019 ta ba mai hulɗa da ofishin gwamnati damar neman a yi masa aiki da wanda ya zaɓa. Doka tana nan, aiki da ita ne ya rage.

Ɗan kasuwar da ya taso daga Yola da atamfa ko kayan gyaran babur yakan biya sau biyu: kuɗin hukuma, da ladan mai karanta masa takardar da aka rubuta da Faransanci zalla. Wanda bai san abin da aka rubuta ba, duk abin da aka yanka masa a shinge shi zai biya. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana CEMAC ne, don haka ba ya samun sauƙin da ya saba samu a iyakokin yamma.

Masu cewa baƙo nauyi ne su tuna yana biyan kwastan da kuɗin rumfa, kuma mu ma muna tsallakawa jihar Adamawa neman abinci. Idan takarda ta yi tsada, mutane za su bi daji ne, baitulmali ya yi asara.

Sai dai Ingilishi kaɗai ba zai raba gardama ba, domin da Fillanci da Hausa muke ciniki. Muna kira ga hukumomin Faro su liƙa jerin kuɗaɗe a kowace mashiga da Faransanci da Ingilishi, haɗe da fassarar Hausa da Fillanci. Mu kuma, kada mu ba da ko dala ba tare da rasit ba. Shugabannin kasuwa, ku kai wannan koke a rubuce.

Allah Ya yi mana jagora.